Ƙarin Ruwa A Asibitocinmu: Daga Hannun Majinyaci Zuwa Bola, Alhakin Wa?

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Satumba na shekarar 2024 an yi ambaliya biyu a wurare masu nisan gaske da juna, kuma kowacce daga cikinsu sai da ta girgiza harkar asibiti. Ta farko ita ce ta ranar 10 ga wata, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta malale Maiduguri, ruwa ya kutsa har cikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata kayan aiki masu tsada, sannan a watan Oktoba Gwamnatin Jihar Borno ta tabbatar da ɓarkewar kwalara. Ta biyu kuwa a ƙarshen watan ta auku, sa'ad da guguwar da aka laƙaba wa suna Helene ta sheƙa ruwa a Jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, ambaliya ta cinye masana'antar kamfanin Baxter da ke garin Marion. Wannan masana'anta guda ɗaya ita ke fitar da leda kusan miliyan ɗaya da rabi ta ruwan ƙari a kowace rana, wato kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da asibitocin Amurka ke amfani da shi.

Abin da ya biyo baya a Amurka ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau. Ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya sai ga ta tana rabon ruwan gishiri da awo. An ɗage ayyukan tiyata waɗanda ba na gaggawa ba, an riƙa ɗauko ruwa ta jirgin sama daga masana'antun kamfanin da ke wasu ƙasashe, su kuma likitoci aka umarce su da su daina rataya leda ga duk majinyacin da zai iya sha da bakinsa. Sai a watan Agusta na 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta bayyana cewa ƙarancin ruwan gishirin ya kau. A cikin waɗannan watanni asibitoci da dama sun gano wani abu da ya kamata su sani tun tuni, wato wani kaso mai kauri na ruwan da suka saba ɗura wa mutane al'ada ce kurum ta sa ake ɗura shi. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa na ga ya dace mu tattauna batun ledar ƙarin ruwa a asibitocinmu, tun daga lokacin da aka yanke shawarar rataya ta har zuwa inda take ƙarewa bayan an sallami majinyaci.

Kafin in ci gaba, wajibi ne in ba ƙarin ruwa haƙƙinsa, domin kada wani ya ɗauka ina kira ne a hana marasa lafiya abin da zai ceci ransu. Tun a shekarar 1832, lokacin da wani likita mai suna Thomas Latta ya fara zuba ruwan gishiri a jijiyar masu kwalara a garin Leith na Sukotlan, wannan dabara take dawo da mutanen da aka riga aka yanke ƙauna da su. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, da wanda ya ƙone, da wanda ya yi hatsarin mota, da mai ciwon sukarin da ya fita hayyacinsa, duk ruwan nan ne ke riƙe su kafin a kai ga sauran magani. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, babban mutumin da kwalara ta tsotse shi ƙwarai yana buƙatar mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin sa'o'i uku na farko. Ke nan mai nauyin kilo 60 zai sha lita shida, roba goma sha biyu ta rabin lita, kafin a ce ya fara farfaɗowa. A shekarar 2021 Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ta ƙidaya mutum 111,062 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, 3,604 suka riga mu gidan gaskiya, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Duk robar da aka ɓarnatar a kan wanda bai buƙace ta ba, daga rabon irin waɗannan bayin Allah aka ɗauke ta.

To, mene ne a cikin robar nan da jama'armu suka ɗauke ta tamkar maganin kowace cuta? Ruwan gishirin da aka fi ratayawa yana ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita, wato giram huɗu da rabi a robar rabin lita, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ruwan sukari na kashi biyar kuwa giram 25 na sukari ne a rabin lita, kwatankwacin ƙwaya biyar ta sukarin kwali. Wanda ya sha kofin kunu ɗaya ya fi samun kuzari a kan wanda ya kwanta sa'o'i huɗu ana ɗiga masa wannan ruwa. Amma duk da haka, a garuruwanmu ya zama ruwan dare ka ji mutum ya ce jikinsa ya mutu, bari ya je a ƙara masa ruwa ya ji ƙarfi. Wani ma sai an zuba allurar bitamin ruwan ya koma rawaya sannan hankalinsa zai kwanta, ya tabbata an yi masa aiki. 'Yan dubiya kuma da yawan robar da aka rataya suke auna tsananin ciwo da ƙwazon likita, har ka ji ana cewa ai wane ya ji jiki, leda bakwai ya sha.

Wannan ɗabi'a ba daga sama ta faɗo ba, akwai masu cin moriyarta. A wasu ƙananan asibitocin kuɗi, ƙarin ruwa shi ne hanya mafi sauƙi ta mayar da majinyacin da ya kamata a ba shi ƙwaya ya koma gida zuwa majinyacin da zai biya kuɗin gado da na allura da na jinya. A lunguna kuma masu kemis, waɗanda lasisinsu bai ba su ikon yin ko da allura ba balle ƙarin ruwa, sun mayar da bayan shagunansu ɗakin kwanciya, ƙusa ɗaya a bango ta ishe su. Likitan kirki ma yakan sami kansa a tsaka mai wuya, domin idan ya ce wa dangi yaronsu ruwan gishiri da sukari kawai yake buƙata, sai a fita ana gunaguni cewa bai san aikinsa ba, gobe a kai yaron wurin wanda zai rataya masa roba. Ta haka ne son ran majinyaci da son kuɗin mai asibiti suka haɗu suka haifar da ɓarnar da ba wanda ke ƙidaya ta.

Wani hanzari ba gudu ba, ruwan da ya wuce kima illa yake yi. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, a jagoran da ta fitar a shekarar 2013, ta yi nuni da cewa mai yiwuwa majinyaci ɗaya cikin biyar da ake yi wa ƙarin ruwa yana gamuwa da matsala saboda rashin ba da shi yadda ya dace. A nan nahiyarmu ma an yi wani babban bincike a asibitocin Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2011. Yaran da aka ɗura wa ruwa da sauri sun mutu da kimanin kashi goma da rabi cikin 100 a kwana biyu na farko, alhali waɗanda ba a yi wa haka ba kashi 7.3 ne suka mutu. Haka zalika yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa, irin waɗanda ke cika cibiyoyin jinya a Katsina da Sakkwato da Maiduguri a kowace damina, zuciyarsa ba ta iya ɗaukar ruwan jijiya, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana a yi masa shi sai idan ya kai ga halin suma. Ashe ke nan rage ƙarin ruwan da ba dole ba kariya ce ga majinyaci tun kafin a zo maganar muhalli.

Abin mamaki shi ne mafitar ba baƙuwa ba ce a gare mu. A shekarar 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon da ke Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Likitan da ke kula da wurin, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin ganguna, dangi suna shayar da marasa lafiyarsu da kofi. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A nan gida, waɗanda suka yi wayo a zamanin da marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, za su tuna yadda rediyo da talabijin suka riƙa koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari, har yaran firamare suka haddace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kwalara za su warke da wannan ruwan sha kaɗai idan aka fara ba su da wuri. Sai ga shi a yau an wayi gari ana yi masa kallon maganin talaka, ana fifita roba da allura a kansa.

Idan muka juya ga lissafin muhalli, bambancin ya fi fitowa fili. Ƙullin garin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake damawa a lita ɗaya ta ruwa, nauyinsa giram 20.5 ne. Lita ɗaya ta ruwan ƙari kuwa ta haura kilo guda, kusan ninki hamsin ke nan, kuma kafin ta iso sai an tace ruwan, an dafa shi da tururi don kashe ƙwayoyin cuta, an zuba a roba, an sa a kwali, sannan tirela ta sha gas ta ɗauko shi daga Sango-Ota ko Awka ko Ilorin ko Minna zuwa Gusau ko Damaturu. Bayan robar akwai tiyon da ruwan ke bi, da allurar da ake kafawa a jijiya, da safar hannu, da filasta, kowanne sau ɗaya ake amfani da shi a yar. Wani bincike da masana aikin sa barci a tiyata suka fitar a 2024 ya auna giram ɗaya na farasitamol, ya gano cewa ƙwayar da ake haɗiya tana jawo hayaƙi mai ɗumama duniya kimanin giram 38, shi kuwa wanda ake bayarwa ta jijiya yana jawo tsakanin giram 310 zuwa 628, gwargwadon mazubinsa da yadda aka ba da shi. A dunƙule, wani rahoto na 2019 ya ƙiyasta cewa harkar lafiya ce ke da alhakin kashi 4.4 cikin 100 na wannan hayaƙi a duniya, wanda da ƙasa ce da ta zo ta biyar.

Na san wani zai ce, ina ruwan Bichi ko Gumel da hayaƙin duniya, alhali duk nahiyar Afirka abin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 ba? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan ce likitan da ke aiki da fitilar waya ya ɗauki nauyin zunubin masana'antun Turai da Sin ba. Sai dai tamu matsalar ta fi kusa da hanci. Tana nan a bayan ɗakin haihuwa, a ramin da leburan asibiti ke tara shara ya yayyafa kananzir ya kyasta ashana da yamma, hayaƙin ya bi taga ya shiga ɗakin da jarirai ke kwance. Bari mu yi ɗan lissafi na misali. Asibiti mai gado 200, idan rabin majinyatansa suka sha roba bibbiyu a rana, roba 200 ke nan kullum, 73,000 a shekara, ban da tiyo da allura. A ninka wannan da yawan manyan asibitocin jiha guda, sannan a tambayi ina suke zuwa.

A nan ya kamata mu bambance roba da roba, domin ba duka suka zama ɗaya ba. Leda mai laushi da aka fi sani a Amurka tun farkon shekarun 1970 ana yin ta da robar da ake kira PVC, wadda fiye da rabin nauyin asalinta sinadarin kulorin ne. Galibin ruwan da masana'antunmu na gida ke yi kuwa yana zuwa ne a gora mai ɗan tauri ta foliyetilin, dangin ledar fiya-wata, wadda ba ta da kulorin kuma ta fi sauƙin narkarwa a sake sarrafawa. Wannan wata sa'a ce da muka taka ba tare da mun lura ba. Amma tiyon ƙarin ruwa da ledar jini da ledar fitsari da ruwan da ake shigowa da shi a leda mai laushi, yawancinsu PVC ne. Idan aka ƙona PVC a wuta mai rauni irin ta rami, yana taimakawa wajen haifar da gubar da ake kira dayoksin. Wannan guba tana sauka a toka da ƙasa, kaji da awaki su yi kiwo a wurin, ta taru a kitsensu da ƙwansu da nononsu, daga nan ta shigo tukunyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na dayoksin da ke shiga jikin ɗan Adam ta abinci yake shiga, kuma yakan ɗauki shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya bar jiki. Tun 1997 aka sanya mafi muninsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji.

Domin kauce wa haka ne aka shar'anta cewa injin ƙona sharar asibiti ya kai zafin digiri 850 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyas, tare da na'urar tace hayaƙi. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin rage irin wannan guba. Amma duk wanda ya san asibitocinmu ya san cewa inda ma aka gina injin, sau da yawa yakan tsaya saboda rashin gas ko rashin wanda zai gyara shi, a koma ga rami. Bayan wannan akwai sinadarin DEHP da ake cuɗawa a PVC don ya yi laushi, wanda kan kai kashi 40 cikin 100 na nauyin leda, kuma yana iya tsiyayewa cikin abin da ke ledar ya shiga jini. Tun 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haɗarinsa ga jarirai maza da ke ɗakin kulawa ta musamman. A watan Satumba na 2024 Jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana shi a ledar ƙarin ruwa daga shekarar 2030, a tiyo kuma daga 2035. Abin tambaya a nan shi ne, idan manyan kasuwanni suka rufe ƙofa, ina masu wannan haja za su nufa da ita? Mun riga mun ga yadda aka yi da tsofaffin firji da talabijin.

Tushen matsalar sharar asibiti a wurinmu shi ne rashin rarrabewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da wani haɗari fiye da ta gida, kashi 15 ne kawai mai ɗauke da cuta ko guba. Robar ruwan gishirin da ta ƙare, wadda jini bai taɓa ba kuma ba a zuba mata magani mai haɗari ba, tana cikin kason farko. Amma da zarar an jefa ta a bokiti ɗaya da audugar jini da allura, ta zama mai haɗari, dole a ƙona ta. Ba dokoki muka rasa ba. Akwai manufar ƙasa ta kula da sharar asibiti ta 2013, akwai ƙa'idojin da hukumar NESREA ta fitar a 2021, kuma duk ɗalibin makarantar jinya ya san baƙin bokiti na sharar gama-gari ne, rawaya na mai ɗauke da cuta, ja na mai tsananin haɗari, allura kuma akwatin kwali. Abin da ya rage shi ne a sayi bokitan, a sa wanda zai duba, a kuma daina barin aikin gaba ɗaya a hannun lebura mafi ƙarancin albashi, wanda galibi ko safar hannu ba a ba shi ba.

Inda hukuma ta bar giɓi, talauci kan cike shi. 'Yan jari-bola, waɗanda da yawansu yara ne, suna tonon juji da hannu suna tsintar roba a tsakanin allurai. Tiyon ƙarin ruwa yana komawa abin wasan yara, ko a saƙa shi a yi marataya makulli, ko a ɗaure kaya da shi a bayan babur. Ciwon hanta nau'in B da C da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna iya bi ta sukar allurar da aka yi amfani da ita. Saboda haka duk wanda zai yi maganar sake sarrafa robar asibiti a ƙasar nan dole ya san cewa ana yin ta tun tuni, ta hanya mafi muni, kuma yaran talakawa ne ke biyan farashinta da jininsu.

Wasu ƙasashe sun nuna cewa ana iya yin abin cikin tsari. A Ostareliya, wani likitan sa barci mai suna Forbes McGain ya fara gwajin tara ledojin PVC masu tsabta a asibitocin Western Health da ke Melbourne a shekarar 2009, shirin ya bazu zuwa asibitoci masu yawa a ƙasar da maƙwabciyarta New Zealand, ana narkar da ledojin ana yin tiyon ban-ruwa da tabarmar wasan yara. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Afirka ta Kudu, inda rukunin asibitocin Netcare da kamfanin magunguna na Adcock Ingram suka ƙaddamar da shirin My Walk a 2020. Ma'aikatan jinya ne ke ware ledojin da ba su gurɓata ba tun daga gefen gado, a kai masana'anta a wanke a niƙa, a yi takalman makaranta a raba wa yaran da ke zuwa aji ba takalmi. Kimanin leda 20 ke ba da takalmin da yaro ɗaya zai sa.

Shin Kano, wadda masana'antun robarta a Sharaɗa da Challawa da Bompai suka daɗe suna narkar da tsohuwar roba suna yin silifa da bokiti, za ta kasa yin irin wannan? Ni a ganina ba za ta kasa ba, amma da sharuɗɗa, domin gyaran da ba a yi shi da lura ba kan zama gyaran gangar auzinawa. Ƙasar da ta sha fama da jabun magunguna, har marigayiya Farfesa Dora Akunyili ta kusa rasa ranta a yaƙi da masu yin su lokacin da take shugabantar NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ba za ta saki gorunan ruwan ƙari masu ɗauke da tambari su shiga kasuwa lafiyarsu ƙalau ba. Dole a tsaga kowace gora gida biyu kafin ta bar ɗakin jinya, a cire tiyo da allura, a ware duk wadda aka zuba wa maganin ciwon daji ko ta fito daga ɗakin masu cuta mai yaɗuwa, a auna nauyi a rubuta, a miƙa wa kamfani mai lasisi kaɗai. Kuma kada a yi mazubin abinci ko abin sha da robar da ta fito daga asibiti.

Akwai masu cewa ma'aikatanmu sun yi ƙaranci, nas ɗaya na kula da gado talatin, likitoci na ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila, don haka wannan ƙarin wahala ne. Ban musa ƙarancin ba. Amma a tuna, kafa allura a jijiyar yaro da sa ido a kan ɗigar ruwa da canza roba da kula da hannun da ya kumbura sun fi cin lokacin nas a kan miƙa wa uwa kofi da cokali. Kuɗin bokiti uku da almakashi kuma bai kai na katan ɗaya na maganin da ke lalacewa a sito ba. Abin da aikin ke buƙata shi ne shugaban asibitin da zai ce daga yau haka za a yi, ya kuma riƙa zagayawa yana gani da idonsa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin asibitocin koyarwa da hukumomin kula da asibitoci na jihohi da su fara da ƙidaya. Kowane ɗaki ya san roba nawa ya karɓa a wata, nawa aka rataya, kuma saboda wane dalili. A mayar da shi ƙa'ida cewa duk safiya likita zai duba ko majinyacin da ke kan ruwa ya fara ci da sha, idan ya fara a cire, maganin da ake ba shi ta jijiya a mayar da shi na haɗiya matuƙar akwai. A farfaɗo da kusurwar shayar da ruwan gishiri da sukari a kowane asibitin sha-ka-tafi, tare da ƙwayar zinc da aka ba da shawarar haɗawa da shi tun 2004. Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa da ma'aikatun lafiya na jihohi su kuma tashi tsaye a kan masu ƙarin ruwa a bayan shago, sannan ƙungiyoyin likitoci su tsawata wa 'ya'yansu da suka mayar da roba hanyar cika aljihu.

Ga gwamnatoci kuwa, ikon saye babban makami ne. Hukumomin sayen magunguna na jihohi suna iya rubutawa a takardar kwangila cewa sun fi son gora da tiyon da ba su da PVC da DEHP, musamman na ɗakin jarirai, kuma kamfanin da ya kawo ruwa shi zai kwashe gorunansa a motar da za ta koma wayam. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yuni na 2024, wanda ya ɗage haraji a kan kayan da masana'antun magunguna ke shigowa da su, dama ce da ya kamata attajiranmu su duba, domin darasin Marion shi ne kada ƙasa ta rataya ranta a kan ƙusa ɗaya. Yankin da kwalara ta fi addaba bai kamata ya dogara kacokan da ruwan da zai yi tafiyar fiye da kilomita dubu a kan hanyoyin da damina ke yankewa ba. A kuma haɗa ƙananan asibitoci su yi tarayya a injin ƙona shara ɗaya mai inganci a kowace shiyya, maimakon kowa ya haƙa raminsa.

Daga ƙarshe, akwai rabon da ya rataya a wuyanmu, mu da Allah Ya ba ilimin zamani kuma ake jin maganarmu a cikin dangi. Sau da yawa mu ne ake bugo wa waya idan an kwantar da wani, mu ne kuma ke matsa wa likita ya yi wani abu da ido zai gani. Idan likita ya ce a ba yaro ruwan gishiri da sukari, mu taya shi yi wa iyaye bayani, mu kuma tambayi shugabannin asibitocin da muke zuwa inda shararsu ke ƙarewa. Malamanmu ma suna da abin faɗa a kan mumbari, domin addinin da ya hana ɓarnar ruwa ko a wurin alwala ba zai yarda a ɓarnatar da ruwan da ake ceton rai da shi ba, kuma ba zai yarda asibiti ya warkar da mutum a ciki ya shaƙa wa maƙwabcinsa guba a waje ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke amanar da suka ɗauka, amin.